SHARHI: Farautar kwastomomi ta imel: ƙa'idojin Google, dokar Najeriya da matasan da ke tsakiya

A ranar 3 ga Oktoba, 2023, kamfanonin Google da Yahoo suka sanar da sababbin sharuɗɗa ga masu aika saƙon imel da yawa, waɗanda suka fara aiki a watan Fabrairun 2024. Duk wanda ke tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail na ɗaiɗaikun mutane dole ne ya tabbatar da ko shi wane ne ta hanyar wasu shaidu uku na fasaha. Dole ne ya sanya maɓallin da mai karɓa zai danna sau ɗaya a daina aiko masa, kuma a cika masa wannan buƙata cikin kwana biyu. Sannan kada yawan masu kai ƙarar saƙonsa a matsayin shara ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum uku cikin dubu. Microsoft ya bi sahu da irin waɗannan sharuɗɗa ga akwatunan Outlook da Hotmail daga ranar 5 ga Mayu, 2025.

Babu majalisar da ta yi muhawara a kan waɗannan ƙa'idoji, kuma babu gwamnatin da ta sanya musu hannu. Duk da haka sun sauya yadda ake gudanar da wata sana'a da matasan Najeriya ke shiga cikin 'yan shekarun nan: aikin gina tsarin aika imel domin nemo wa kamfanonin ƙasashen waje masu saye.

Dalilin shigar matasa bai ɓoyu ba. Bayan da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a shekarar 2024. Aikin da ake biya da dala ya zama abin nema ido rufe. Wanda ke da kwamfutar tafi-da-gidanka da data da ɗan Turanci zai iya tallata kansa a Upwork ko Fiverr ko LinkedIn a matsayin mai nemo kwastomomi, ba tare da an tambaye shi takardar digiri ba. Abin da yawancin masu koyar da sana'ar ba sa tsayawa a kai shi ne, kayan aikin da ake haɗawa suna amsa tambaya ɗaya ce kawai, wato wa ya aiko saƙon. Tambayar da doka ke yi daban take: wa ya ba shi izinin riƙe adireshin mutumin da ya aika wa?

Yadda ake haɗa injin

Aikin yana farawa da sayen domen, wato sunan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshin imel. Kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya aika saƙon talla ga baƙi da ainihin domen ɗinsa, domin idan sunan ya ɓaci a wurin Google ko Microsoft, har rasit da wasiƙun ma'aikata za su riƙa faɗawa kwandon shara. Saboda haka sai a sayi wasu sunaye masu kama da na asali, a ɗaura su yadda wanda ya buɗe su zai tarar da kansa a shafin kamfanin.

A kan kowane domen ana buɗe akwatunan saƙo biyu ko uku, yawanci a Google Workspace ko Microsoft 365, kowanne da sunan mutum da hotonsa. Bayan haka sai matakin da 'yan sana'ar ke kira ɗumama akwati. Sabon akwatin da ya fara harba ɗaruruwan saƙonni a ranar farko abin tuhuma ne, don haka ake haɗa shi da wata manhaja da za ta riƙa musayar wasiƙu tsakaninsa da dubban wasu akwatuna har tsawon mako biyu zuwa huɗu. Na'ura ce ke rubutawa, na'ura ce ke buɗewa, ita ce kuma ke ba da amsa, duk domin matatar Gmail ta ɗauka cewa mutane na gaske suna son wasiƙun wannan akwati. Google bai yarda da wannan dabara ba. A farkon 2023 ya tilasta wa GMass, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin aika saƙo, rufe sashenta na ɗumama akwati. Sauran manhajojin suka nemi wasu ƙofofi suka ci gaba.

Daga nan sai a loda jerin sunaye da adiresoshi a manhajoji irin su Instantly, Smartlead ko Lemlist, waɗanda ke rarraba saƙonni a tsakanin akwatunan, su sanya sunan kowane mai karɓa a wasiƙarsa, su kuma sake tuntuɓar wanda bai amsa ba bayan 'yan kwanaki.

Shaidu uku

Tushen matsalar tsoho ne. Ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, an tsara ta ne a zamanin da masu amfani da intanet 'yan ƙalilan ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma sun yarda da juna. Ba a sanya mata hanyar tantance mai aikawa ba. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikawa, kamar yadda mutum zai rubuta sunan wani a bayan ambulan ya jefa a gidan waya. Tun kafin nan ma an fara ganin alamun abin da zai biyo baya: a watan Mayun 1978 wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya aika tallar sabuwar na'ura ga mutane kusan 400 a ARPANET, saƙon da ake ɗauka shi ne na farko a tarihin shara ta imel.

Shaidu ukun da Google ke nema faci ne da aka yi wa wannan ɓaraka daga baya. Ta farko, SPF, jeri ne da mai domen ke wallafawa a kundin adiresoshin intanet, yana cewa waɗannan na'urori ne kaɗai na ba izinin aika saƙo da sunana. Ta biyu, DKIM, sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa kowane saƙo, wanda mai karɓa zai gwada da mabuɗin da mai domen ya wallafa, ya gane ko an taɓa saƙon a hanya. Ta uku, DMARC, wadda manyan kamfanonin imel da na hada-hadar kuɗi suka fito da ita a 2012, umarni ne daga mai domen kan abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin biyun farko: a bar shi ya wuce, a killace shi, ko a mayar da shi.

Matashin da ya ƙware zai iya kammala waɗannan saituna cikin sa'a guda. Suna da amfani na gaske, domin suna hana wani ya yi sojan gona da sunan banki ko ma'aikatar gwamnati. Sai dai ɗan damfarar da ya sayi domen nasa na kansa zai iya cika su ukun cif, kamar yadda ɗan kasuwar ƙwarai zai cika. Katin shaida yana nuna sunan mai shi, ba ya nuna halinsa.

Lissafin zagaye shinge

Google yana ƙidaya saƙo 5,000 ɗin nan ne bisa domen guda tare da rassansa. A nan ne dabarar rarrabawa ta samo asali. Masu sana'ar sukan taƙaita kowane akwati ga saƙo 20 zuwa 50 a rana. Idan aka ɗauki 30, kamfanin da ke son aika 5,000 a kullum yana buƙatar akwatuna kusan 167. Idan kowane domen na ɗauke da akwatuna uku, ana maganar domen 56 ke nan. A idon matata, waɗannan ƙananan masu aikawa 56 ne da babu wanda ya kai ma'aunin babban mai aikawa. A zahiri kuwa kamfani ɗaya ne, saƙo ɗaya ne, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne zaune a ɗaki a Kano ko Ibadan yake juya su duka.

Domen ɗin da ya ɓaci sai a yar da shi a sayi wani, tunda kuɗinsa na shekara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da cinikin da ake fata. Wannan ne ya sa tseren bai ƙarewa. Google ya ce a kullum yana tare saƙonnin da ba a so kusan biliyan 15, kuma duk lokacin da ya ƙara tsaurara matata, masu aikawa sai su ƙara yawan akwatuna. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara rura wutar, domin yanzu na'ura na iya rubuta wa mutum dubu wasiƙu dubu mabambanta, kowacce tamkar an zauna an rubuta masa shi kaɗai.

Ina adiresoshin suke fitowa?

Injin ba ya aiki sai da mai, kuma mansa bayanan mutane ne. Kamfanoni irin su Apollo da ZoomInfo suna sayar da damar shiga rumbunan da ke ɗauke da sunaye, muƙamai, wuraren aiki da adiresoshin miliyoyin ma'aikata. Wasu bayanan ana kwaso su ne daga shafukan kamfanoni da LinkedIn, wasu kuma na'ura ce ke ƙiyasta su daga sunan mutum da na wurin aikinsa, sannan ta gwada ko adireshin yana aiki. Mafi yawan waɗanda ke cikin rumbunan ba su san suna ciki ba.

A Najeriya kasuwar bayanan ta fi wannan muni. A watan Maris na 2024 kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta fallasa wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ga duk mai 'yan canji. Bayan wata uku ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana wani shafin, AnyVerify, inda ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, Vincent Olatunji, a kan naira 100 kowacce. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Amma a ƙasar da za a iya sayen bayanan minista da kuɗin da bai kai na ƙwai ɗaya ba, ba sai an tambaya ba yadda jerin lambobin waya da adiresoshin talakawa ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Abin da dokoki suka ce

Hukuncin aika wa baƙo saƙon talla ya danganta da inda mai karɓar yake. A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003 ta halatta aikawa ba tare da neman izini ba, muddin ba a yi ƙarya a sunan mai aikawa ko kan saƙon ba, an rubuta adireshin ofis na gaske, an kuma daina aika wa wanda ya ce a daina cikin kwanakin aiki goma. Tarar saɓa mata ta haura dala 50,000 a kan kowane saƙo guda. A watan Agustan 2024 kamfanin kyamarorin tsaro na Verkada ya amince ya biya dala miliyan 2.95 bayan hukumomin Amurka sun zarge shi da aika saƙonnin talla fiye da miliyan 30 cikin shekara uku ba tare da bin ƙa'idar ba.

Kanada ta ɗauki akasin wannan hanya. Dokarta da ta fara aiki a 2014 tana buƙatar yardar mai karɓa tun kafin a aika, kuma tarar kamfani na iya kaiwa dalar Kanada miliyan 10. A Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 ta ɗauki adireshin aiki mai ɗauke da sunan mutum a matsayin bayanansa na kansa, kuma tararta na iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Jamus tana neman yardar mai karɓa ko da tsakanin kamfani da kamfani ne, yayin da Birtaniya ta sassauta idan adireshin na kamfani ne. Jeri guda na adiresoshi dubu goma na iya ƙunsar mutanen duk waɗannan ƙasashe a cakuɗe.

Najeriya ma tana da tata dokar. Shugaba Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta shafi duk wanda ke zaune ko yake aiki a Najeriya yana sarrafa bayanan mutane, haka kuma ta shafi sarrafawar da aka yi a cikin ƙasar. Sashe na 36 ya ba kowa 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye, kuma da zarar ya ƙi, dole a daina. Umarnin aiwatarwa da hukumar ta fitar a 2025 ya sanya talla kai tsaye cikin ayyukan da sai da yardar mai bayanan. Tara ga manyan masu sarrafa bayanai ita ce naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuwa naira miliyan 2 ce ko kashi 2 cikin 100.

Hukumar ta nuna cewa tana iya cizo. A watan Agustan 2024 ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta aikata laifi, sannan a 2025 ta ci MultiChoice tarar sama da naira miliyan 766. Waɗannan manyan giwaye ne. Dubban ƙananan masu riƙe da jerin adiresoshi a kwamfutocinsu suna can ƙasan idon hukuma, amma rashin ganinsu bai fitar da su daga ƙarƙashin dokar ba. Matashin da ya sayi domen 56 da katin bankinsa, ya yi musu rajista da sunansa, ya loda bayanan baƙi a na'urarsa, shi ne sawun da mai bincike zai fara tararwa. Kamfanin da ya ba shi aikin yana wata nahiya, kuma sau da yawa babu rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu.

Tsohon tabo

Akwai wani nauyi da ɗan Najeriya ke ɗauka a wannan sana'a wanda takwaransa na Indiya ko Filifin bai ɗauka kamarsa ba. Lambar 419, sashen dokar manyan laifuka da ya hukunta zamba cikin aminci, ta zama sunan da duniya ke kiran damfarar imel da shi. A watan Fabrairun 2021 wata kotun Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi, shekara 10 kan zambar da ta jawo asarar kusan dala miliyan 11, wadda ta haɗa da kutse a imel ɗin wani babban jami'in kamfanin Unatrac. A watan Nuwamban 2022 aka yanke wa Ramon Abbas, wato Hushpuppi, ɗaurin wata 135. Hukumar FBI ta ce damfarar imel ta kamfanoni ta jawo asarar kusan dala biliyan 2.9 a shekarar 2023 kaɗai, bisa ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Kayan aikin mai neman kwastoma na halas da na ɗan damfara kusan iri ɗaya ne: sunayen domen masu kama da na wani kamfani, akwatuna da yawa, sunayen mutanen da ba lallai suna raye ba, da jerin manyan jami'an kamfanoni. A ƙasar da cin zarafin matasa masu kwamfuta yana cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar EndSARS a 2020, jami'in da ya buɗe na'urar matashi ya ga akwatuna 167 ba zai tsaya sauraren bayanin DMARC ba. Wani lokaci kuma shi kansa matashin bai san wa yake yi wa aiki ba. A watan Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene da ke Victoria Island a Legas, ciki har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce baƙin suna ɗaukar 'yan Najeriya ne aikin fara tuntuɓar mutanen ƙasashen waje ta intanet, idan mutum ya faɗa tarko sai su karɓi ragowar aikin. Matakin farko na wannan laifi, wato nemo mutum a ja hankalinsa, shi ne abin da ake tallatawa a matsayin aikin nemo kwastomomi.

Wa ke mulkin akwatin saƙo?

Bayan batun sana'a akwai batun iko. An gina imel a matsayin tsarin da ba shi da mai shi, amma a yau kamfanonin Amurka ƙalilan ne ke yanke hukuncin wane saƙo zai isa gaban mutum, wane ne zai ɓace a kwandon shara, kuma babu kotun ɗaukaka ƙara. Ko manyan 'yan siyasar Amurka sun ɗanɗana. A watan Oktoban 2022 uwar jam'iyyar Republican ta maka Google a kotu bisa zargin yana jefa saƙonninta na neman gudummawa a shara, amma alƙali ya kori ƙarar a 2023. Idan jam'iyya mai wannan ƙarfi ba ta yi nasara ba, ƙaramar jarida ko ƙungiyar farar hula a Kaduna da saƙonninta suka daina isa ga masu karatu ba ta da inda za ta kai kuka.

Wannan ya shafi zaɓen 2027 kai tsaye. Masu wayoyi a Najeriya sun saba da saƙonnin kamfe da ba su nema ba, duk da lambar 2442 da hukumar NCC ta ɓullo da ita a 2016 domin toshe saƙonnin talla. Ƙwarewar da ake koya domin sayar da manhaja ga kamfanin Amurka, wato tara bayanai, rarraba masu karɓa rukuni-rukuni, da aikawa ta ƙofofi da yawa don kada a gane tushe ɗaya ne, ita ce ɗan takara zai saya idan kakar zaɓe ta kama. Jam'iyyun siyasa ba sa cikin waɗanda dokar 2023 ta keɓe daga bin ƙa'idojinta.

Abin da ya rage

Sana'ar ba haramtacciya ba ce, kuma kamfanoni na gaske suna samun ciniki da ita. Amma shirye-shiryen horar da matasa, daga 3MTT na gwamnatin tarayya mai burin horar da mutum miliyan uku zuwa ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu, za su yi wa ɗalibansu adalci idan suka koyar da doka tare da saituna. Mai shiga aikin yana da abubuwan da zai iya kare kansa da su: ya nemi rubutacciyar yarjejeniya, ya bar kamfanin ya sayi domen da sunansa da katinsa, ya tambayi inda aka samo jerin adiresoshi, ya ware mutanen Kanada da Jamus daga na Amurka, kuma ya ƙi aika saƙo da sunan mutumin da babu shi.

Hukumar NDPC kuwa tana da aikin da ya wuce cin tarar bankuna. Masu sayar da jerin lambobi da adiresoshin 'yan Najeriya suna tallata hajarsu a fili, kuma su ne tushen da saƙonnin talla, na damfara da na kamfe suke sha. Idan hukumar ta bari har aka buga gangar 2027 ba ta taɓa su ba, bayanan masu zaɓe za su kasance cikin kayan kamfe mafi araha a kasuwa.